Head Hunters: Faifan Da Ya Kai Jazz Filin Rawa

Head Hunters faifai ne na Herbie Hancock, makaɗin fiyano haifaffen birnin Chicago a Amurka, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1973. Salonsa shi ne jazz fusion, wato gaurayen jazz da kiɗan rawa na funk a kan kayan kiɗa masu aiki da lantarki. Hancock ya yi shekara biyar a ƙungiyar shahararren makaɗin jazz Miles Davis, daga 1963 zuwa 1968, daga baya ya rungumi wani kiɗa mai zurfi wanda sai masu kunnen jazz ke gane shi. Da wannan faifan ya sauko inda jama'a suke.

Mutum biyar suka naɗe shi a San Francisco: Hancock, da Bennie Maupin mai busa, da Paul Jackson mai bas, da Harvey Mason mai ganguna, sai Bill Summers mai ƙananan kayan kaɗe-kaɗe. Ba a sa mai jita ba. Hancock ne ya cike gurbin da clavinet, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano.

Kiɗa huɗu ne kacal a ciki. Na farko, "Chameleon", wato hawainiya, ya haura minti 15. Yana buɗewa da wani amo mai kauri daga na'urar ARP Odyssey, yana maimaita kansa kamar tafiyar raƙumi, ganguna su shigo, sauran su bi a hankali. Na tsawon lokaci ginshiƙin ba ya gusawa, amma launin da ke kansa sai canzawa yake, kuma nan gwanintar take.

"Watermelon Man" ya fi ratsa zuciya. Tun 1962 Hancock ya tsara shi, a nan kuma aka sake masa riga. Summers ya kafa baki a kwalba, ya busa, ya sa murya, ya sake busawa, yana kwaikwayon hindewhu, salon mutanen Ba-Benzélé na dazuzzukan Afirka ta Tsakiya. Kafin wani kayan lantarki ya yi motsi, numfashin ɗan Adam ake fara ji.

"Sly" karramawa ce ga mawaƙi Sly Stone, mai sauri da zafi, sai "Vein Melter" ya rufe a natse. Wasu masu riƙo da tsohon jazz sun ce Hancock ya bi kasuwa, amma faifan ya sayu sama da kwafi miliyan ɗaya, kuma makaɗan hip-hop sun yi ta ɗibar sassansa a ayyukansu.