Albashi da Amana: Yadda Ma'aikata Kiristoci a Abuja ke Karanta Labaran Tsadar Rayuwa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ma'aikacin gwamnati a Abuja ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. A Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, amma wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya ko Kubwa kowace safiya ya san cewa kuɗin mota da na haya sun riga ƙarin isa gida.

Waɗannan labarai ba a teburin ofis kaɗai ake tattauna su ba. Ma'aikata Kiristoci na ɗauke da su zuwa taron addu'ar tsakar rana da ake yi a ma'aikatu da dama, da kuma sujadar Hausa ta ranar Lahadi a majami'un unguwannin gefen birni. A irin waɗannan wurare, tambayar ba ta tsaya ga farashin shinkafa ba. Ta kan zama: me bangaskiya ke bukata daga mutumin da albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya raba, alhali fayil ɗin wani na gabansa, mai fayil ɗin kuma a shirye yake ya ba da "na goro"?

Akwai wurin da ya dace da wannan tambaya a Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. A sura ta 3 ta Bisharar Luka, masu karɓar haraji da sojoji sun je wurin Yahaya Mai Baftisma suna neman sanin abin da za su yi. Waɗannan su ne ma'aikatan hukuma na zamaninsu, kuma jama'a na yi musu kallon azzalumai. Yahaya bai umarce su da su ajiye aiki ba. Ya gargaɗi masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya hana sojoji ƙwace da ƙazafi, ya kuma ce albashinsu ya ishe su.

Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne mai ɗaci a kunnen ma'aikacin yau. Ta yaya za a ce wa mai mataki na shida ya gamsu, bayan rabin abin da ya karɓa na tafiya a kan hanya? Sai dai wanda ya duba nassin da kyau zai ga cewa an haɗa maganar albashi da maganar ƙwace ne. Ba a hana soja neman ƙarin haƙƙinsa daga wanda ya ɗauke shi aiki ba. An hana shi cike giɓin aljihunsa daga aljihun talakan da ya faɗo hannunsa. A yaren ofis, ma'aikaci na iya bin ƙungiyar ƙwadago neman ƙari, amma ba shi da hujjar ɓoye fayil ɗin tsohon da ke bin kuɗin fansho har sai ya ga ambulan.

Littafin bai bar masu biyan albashi ba. Sura ta 24 ta Maimaitawar Shari'a ta wajabta biyan matalaucin ɗan ƙwadago ladansa a ranar da ya yi aikin, kafin faɗuwar rana, domin da shi ya dogara. Sura ta 5 ta Wasiƙar Yakubu kuwa ta kwatanta ladan da aka danne da kukan da ke isa ga Ubangiji. Wannan gargaɗi ya hau kan hukumar da ke jinkirta bashin ƙarin girma, ya kuma hau kan darakta ko hadimin minista da ke da direba, mai gadi da 'yar aiki a gida. Mutum na iya kukan jinkirin albashi da safe, da yamma kuma ya ce wa mai gadinsa ya ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Batun ya ƙara nauyi bayan sanya hannu kan sabbin dokokin haraji a Yunin 2025, domin hulɗar jami'i da ɗan ƙasa a kan kuɗi za ta ƙaru. Doka na iya tsara adadin da za a karɓa, amma abin da ke faruwa tsakanin mutum biyu a ofis bayan an rufe ƙofa, amana ce ke tsare shi.

Riƙe wannan amana na da tsada. Wanda ya ƙi karɓa na iya komawa gida da ƙafa daga bakin titi, abokan aiki kuma su ɗauke shi mai tsaurin kai. Koyarwar ba ta yi alkawarin cewa kuɗin makarantar yara zai sauko ba. Abin da ta ɗora wa ma'aikaci shi ne kada wahalarsa ta zama dalilin wahalar wanda ya fi shi rauni, kuma a wannan gaɓa abokin aikinsa Musulmi da ke tebur na gaba zai gane maganar ba tare da an fassara masa ba.