Idan Hita Ta Ƙi Kamawa a Tsakiyar Hunturu

  A Jos da tsaunin Mambila, har ma Zariya da Kano, akwai gidajen da a watannin Disamba da Janairu ba a barci sai an kunna hita mai aiki da lantarki. To idan an danna makunni amma ɗaki ya ƙi ɗumi fa, daga ina za a fara?

Ƙa'idar masu gyara ita ce a bi wuta tun daga bango, kada a yi saurin kwance hita. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, matsalar a hanya take.

Fara da soket. Gwada shi da dutsen guga, domin cajar waya tana kamawa ko da wuta ba ta da ƙarfi, sai ta yaudare ka. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Idan ta sauka zuwa 180, kamar yadda ake gani da magariba a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje barjat, hita ba za ta ba da ko kashi biyu cikin uku na zafinta ba. Haka nan ƙaramin janareta da bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauki hita mai wat 2000 ba.

Sai filogi. A Nijeriya, filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki, yawanci mai amfiya 13, ita kuwa hita mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9. 'Yan'uwanmu na Nijar, naku filogin mai zagayayyun ƙafafu ba shi da fis, sai ku duba akwatin wutar gida ko ya katse. Idan filogi yana zafi, ko ya yi baƙi, ko ana jin ƙaurin roba, to waya ta saki a ciki, ko kuma an jona hitar a ekstenshan mai siririyar waya. Araha ba ta ado: a kai hita soket ɗin bango kai tsaye.

Idan duk wannan daidai yake, a zare filogi, a bari hitar ta huce. Yawancin hitoci suna da ɗan makunni a ƙasa wanda ke katse wuta in ta faɗi, don haka ajiye ta a kan darduma mai laushi ko a karkace ya isa ya hana ta kamawa. Akwai kuma makarin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. Ƙurar hunturu kan toshe ramukan iska, fankar cikin hitar ta yi nauyi, sai hita ta kama na ɗan lokaci ta mutu. A kakkaɓe ta da busasshen buroshi.

Na ƙarshe shi ne wayar da ke yin ja. Mai gyara zai auna ta da mitar gwaji: a hita mai wat 2000 ya kamata ya ga kimanin om 26. Idan mita ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke, sai a sauya, ba a ƙulla ta.

Ga gargaɗi, jama'a. Fis ɗin da ya sake ƙonewa bayan an canza shi, ko hitar da ke jan mutum in ya taɓa jikinta, alama ce wuta na taɓa inda bai kamata ba. Kada a cusa waya ko takardar sigari a gurbin fis, wannan aikin ƙwararre ne. Kuma kafin a gyara, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.