Noman wiwi a ƙasar Maroko: abin da doka ta halatta da abin da ta hana

A shekarar 2021 majalisar dokokin ƙasar Maroko ta amince da doka mai lamba 13-21, wadda ta ba wasu manoma izinin shuka tabar wiwi. Wanda ya ji labarin sama-sama zai ce an saki wiwi ke nan, kowa ya sha abinsa. Ba haka zancen yake ba. Tun da batun ya shafi gona kuma ya shafi lafiya, ya kamata mu duba shi a tsanake.

Mutanen tsaunukan Rif

A arewacin Maroko akwai tsaunuka da ake kira Rif. Ƙasar wurin gangare ce mai duwatsu, hatsi ba ya yin albarka sosai. Tun kaka da kakanni mutanen yankin ke noman wiwi, wadda suke kira kif. An hana nomanta a 1954, aka ƙara tsananta hukunci a 1974, amma ba a daina ba. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2003 ya tarar da hekta 134,000 na wiwi a yankin. A 2019, bisa lissafin ofishin ministan cikin gida, gonakin sun ragu zuwa hekta 55,000, kuma iyalai wajen 60,000 ne ke ci daga gare su.

Manomi yakan busar da tabar, ya kaɗe ta, ya tankaɗe garin, a matse shi ya zama ƙaro. Wannan ƙaron ne masu fataucin ƙwayoyi ke ƙetarawa da shi Turai. Ofishin ministan ya ƙiyasta cewa cikin kuɗin da ake samu, kashi 4 cikin ɗari kawai ke shiga hannun manomi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ga kuma zaman fargaba: dubban magidanta na da sammaci a kansu, suna tsoron zuwa gari ko neman takardar shaidar ɗan ƙasa, kada jandarmomi su kama su.

Ita ma ƙasa ta sha wahala. Ƴan fatauci sun kawo sababbin iri daga waje, masu yawan ƙaro da ƙarfin buguwa, amma masu shan ruwa ƙwarai. Aka yi ta gina rijiyoyi, ana sare daji, ana zuba takin zamani, har ruwa ya soma ƙaranci a ƙauyuka.

Abin da dokar ta ce

A watan Disamba na 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta fitar da wiwi daga jerin abubuwa mafi haɗari waɗanda ake ganin ba su da wani amfani na magani. Ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi. Maroko na cikin waɗanda suka yarda. Duk da haka wiwi ta ci gaba da zama cikin abubuwan da ake sa wa ido.

Dokar Maroko ta biyo baya da sharuɗɗa masu tsauri. Noman na magani ne da masana'antu kawai. Jihohi uku aka ba izini: Al Hoseima, Shafshawan da Tawnat. Dole manomi ya nemi takardar izini, ya shiga ƙungiyar haɗin gwiwa, ya shuka irin da hukuma ta amince da shi, ya kuma sayar da amfaninsa ga kamfanin da ƙungiyar ta yi yarjejeniya da shi. An kafa hukuma mai suna ANRAC don bin sawun tabar tun daga iri har masana'anta. Shan wiwi don buguwa kuwa, da sayar da ita ga masu sha, laifi ne kamar da.

An yi girbin farko na halal a 2023, aka samu tan 294. A watan Agusta na 2024 Sarki Muhammadu na Shida ya yi afuwa ga mutum 4,831 da aka hukunta ko ake nema saboda noman wiwi.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon baya sun ce shekaru da dama na kame da ƙona gonaki ba su kashe noman ba, sai dai sun miƙa manomi a hannun ƴan fatauci. Sun ce a kasuwar halal rabonsa zai iya kai kashi 12 cikin ɗari, kuma zai kwana a ɗakinsa ba tsoro.

Masu ƙi sun ce wannan ƙofa ce da in an buɗe ta, rufe ta sai da wuya. Jam'iyyar PJD, wadda ke jagorantar gwamnati a lokacin, ƴan majalisarta sun jefa ƙuri'ar ƙin dokar. Tsoronsu shi ne samari su ɗauka cewa abin da hukuma ta yarda a noma ba ya cutarwa.

Akwai kuma masu cewa dokar ba ta isa ba. Gonakin girbin 2023 ba su kai hekta 300 ba, alhali na ɓoye dubbai ne. In kamfanoni ba su saye da yawa ba, ba su kuma biya da wuri ba, manomi zai koma ga tsohon mai sayensa, domin ciki ba ya jiran takarda.

Abin da likitoci suka sani

Cikin wiwi akwai sinadarai biyu da suka fi suna. Na farko, THC, shi ne mai bugarwa. Yana rage tunani da natsuwa, yana kama mutum har ya kasa bari, kuma yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara sha tun yana yaro. Na biyu, CBD, ba ya bugarwa. A 2018 Amurka ta amince da maganin da aka tace daga gare shi don wasu irin farfaɗiya masu tsanani na yara. Mu lura da kyau: maganin tatacce ne, an auna shi, likita ke rubuta shi. Naɗin da ake busawa a lungu ba wanda ya auna abin da ke cikinsa, kuma hayaƙinsa na cutar da huhu.

Mu kuma a nan gida

A ƙasarmu Nijar, dokar yaƙi da ƙwayoyi ta 1999 ta hana noma wiwi, da sayar da ita, da shanta. Ƙasarmu kuma tana kan hanyar ƴan fatauci: a watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai, wanda za a wuce da shi Libiya.

Saboda haka, ƴan uwa manoma, in wani ya kawo mana iri ya ce mu ɓoye shi a tsakiyar gero ko a garka, yana cewa ai wasu ƙasashe sun halatta, mu tuna da kashi 4 na manomin Rif. Ranar da asiri ya tonu, mai gona ne zai tafi gidan kaso. In kuma muka ga ɗanmu ya fara sha, idanunsa na ja, ya bar aiki, yana magana shi kaɗai, kada mu ɗaure shi ko mu kore shi. Mu kai shi ga malaman kiwon lafiya tun da wuri.