Daga rumfa zuwa ofis: abin da kasuwar iyaka ke nema a wurin mai neman aiki

Duk wanda ya san kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Babura, ya san yadda ake ɗaukar yaron shago tun zamanin iyaye da kakanni. Uba ko kawu ne ke riƙo hannun yaro ya kai shi wurin Alhaji, ya ce ga amana. Babu takarda, babu sa hannu. Yaro zai fara da shara da ɗaukar kaya, sannu a hankali a bar masa aljihun tebur, idan ya yi shekaru ana ganin gaskiyarsa sai ubangida ya sallame shi da jari. Da wannan tsari aka gina manyan gidajen kasuwanci na Maraɗi da Damagaram da Kano, kuma har gobe yana nan. Sai dai kasuwar ta sake, abin da ake nema a wurin yaro shi ma ya ƙaru.

Abin da ya sake

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Yamai an sake rufewa har zuwa Maris 2024. A farkon 2023 kuma aka yi ƙarancin takardun naira sakamakon canjin kuɗi. Waɗannan abubuwa sun tilasta wa mutanen da suka saba ciniki ido da ido, kuɗi hannu da hannu, komawa ga wayar salula da tura kuɗi ta banki ko ta kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza.

Bugu da ƙari, tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni 2023, farashin canji na iya bambanta tsakanin safe da yamma, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin yuro tun 1999. Saboda haka mai shago a yau yana bukatar yaron da zai iya rubuta saƙo marar ruɗani, ya karanta takardar duwan, ya riƙe littafin shiga da fita. Gaskiya tana nan a matsayinta na farko, amma mai gaskiyar da bai iya lissafi ba yana iya karya ubangidansa ba tare da ya ɗauki ko dala ba.

Harshe ɗaya, lissafi biyu

Da yawa daga cikin rigingimun da ake kai wa sarkin kasuwa, rashin fayyace magana ne ke haddasa su. Mutumin Maraɗi idan ya ce jika ɗaya, faran 1.000 yake nufi. Dattijon Katsina idan ya ce jaka ɗaya, naira 200 yake nufi, bisa tsohon lissafin fam ɗari. Mu nan da dala muke ƙidaya, kowace dala faran 5, don haka dala ɗari a baki ita ce 500 a rubuce. Haka nan a rubutun Faransanci ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi kuma ya raba ɓarin lamba, a Ingilishi kuwa akasin haka ne. Buhu ma akwai mai kilo 50, akwai mai kilo 100, tiya da mudu kuma kowace kasuwa da girman nata.

Maganin wannan ba shi da wuya. Duk cinikin da aka ƙulla ta baki ko ta saƙon murya a WhatsApp, a bi shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da abubuwa shida: sunan kaya, adadi da awo, farashi da nau'in kuɗin, farashin canji na wannan rana, wanda zai biya kuɗin mota da na duwan, da ranar biya. Abokin ciniki ya amsa a rubuce cewa ya yarda. Wasu na ganin neman rubutu tamkar zargi ne, to amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

A waya ma akwai ladabi. Sallama, sai mutum ya faɗi sunansa da gidan da ya aiko shi, sannan ya shiga bukata kai tsaye. Kafin a kashe, a maimaita lambobin da aka ambata. Kuma kada a saki kaya don kawai an turo hoton rasit, sai an ga kuɗi sun shiga asusu ko wakili ya karɓo su a hannu, domin hoton rasit abu ne da ake iya ƙerawa.

Haɗa dosiye

Ƴaƴan ƴan kasuwa da dama sun yi boko, wasu na da BEPC, wasu bakaloreya, wasu sun gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, amma suna zaune a bakin rumfa suna jiran wanda zai yi musu hanya. Alhali kamfanonin sufuri, da ofisoshin masu fitar da kaya daga duwan, da gidajen mai, da wuraren tura kuɗi duk suna ɗaukar ma'aikata, kuma da dosiye suke ɗauka.

Abin da aka saba nema shi ne wasiƙar neman aiki, da CV, da takardar haihuwa, da ta shaidar ɗan ƙasa, da kwafin takardun makaranta da aka buga wa hatimi, da kaziye na kotu wanda bai wuce wata uku ba, sau da yawa har da katin hukumar samar da aiki ta ANPE. Mai hankali yakan tanadi waɗannan tun kafin a yi sanarwa, domin wa'adin ajiye dosiye gajere ne.

Babban kuskuren yaranmu shi ne ɓoye aikin kasuwa a cikin CV, suna ganin kamar abin kunya ne. Wanda ya shekara huɗu yana riƙe littafin bashi a shagon hatsi, ko yana raka kaya daga Kano zuwa Maraɗi, ya rubuta haka ɓaro-ɓaro, da shekarun, da irin kayan, da lambar ubangidan da zai shaide shi, bayan ya nemi izininsa. Ya kuma rubuta harsunan da yake ji. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Yaron iyaka mai jin ukun nan yana riƙe da abin da wasu ke biyan kuɗi su koya.

Ranar ganawa

A isa kafin lokaci, da tufafi masu tsabta, da waya a kashe. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba, abu ne mai kyau, amma a ɗakin ganawa dole murya ta fito a ji amsa. Mai neman aiki ya binciki abin da kamfanin ke yi tun kafin ya je. Kada ya buɗe baki da lissafin matsalolin gidansu, ya faɗi abin da zai iya yi musu. Abin da bai sani ba ya ce bai sani ba amma zai koya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kwamfuta na kan tebur, ana iya cewa ya zauna ya gwada. Duk kuma wanda ya ce sai an tura masa kuɗi kafin a ba da aiki, a yi nesa da shi.

Nauyin iyayen gida

Gyara bai tsaya kan yara kaɗai ba. Sau nawa aka ga yaro ya yi shekara goma yana bauta, ubangida ya rasu, magada suka ce ba su san da alkawarin sallama ba? Alhaji ya rubuta sharuɗɗa tun ranar farko gaban shaidu biyu: albashi ne ko sallama, shekara nawa, jari nawa. Idan albashi ne, a tuna cewa tun Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Yaron da zai tafi kuma a ba shi takardar shaidar aiki mai hatimin shago, ita ce za ta tsaya masa a inda ba a san kawunsa ba. Wanda ya bar yaronsa ya je darasin dare ko koyon kwamfuta awa biyu a rana, shagonsa ne zai fara cin amfanin.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma buɗa wa matasanmu ƙofofin arziki na halal, amin.