Abin da filin Olembe ya koya wa masu gina filayen ƙwallo

Ranar 24 ga Janairun 2022, mutum 8 suka rasu a turmutsutsu a ƙofar kudu ta filin Olembe da ke Yawunde, gab da wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka. Filin sabo ne, mai ɗaukar 'yan kallo 60,000, amma jama'a sun cunkushe a bakin ƙofar da ke rufe.

Masu zanen fili daga waje suke fara lissafi. A ƙa'idar Birtaniya, ƙofar shiga ɗaya mai juyawa ba a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa. Ke nan, kafin mutum 60,000 su shiga cikin awa guda, sai an tanadi ƙofofi sama da 90 a kewayen filin.

Haka ma wurin ajiye motoci. Mota ɗaya, haɗe da hanyar shiga da fita, tana cin kusan murabba'in mita 25. Da kowa zai zo da mota, mutum huɗu-huɗu, sai an ware hekta 37 da rabi, wato faɗin filin ƙwallo fiye da 50. Shi ya sa ake ajiye motoci can nesa, bas-bas su kwaso mutane, a yi wa 'yan acaɓa tasharsu, a kuma raba hanyar masu tafiya a ƙasa da ta motoci. Motar asibiti da ta kashe gobara kuwa, dole a bar musu hanyar da ba mai tarewa.

Bayan hatsarin, hukumar CAF ta ɗauke wasa na gaba daga Olembe zuwa filin Ahmadou Ahidjo.