Jinjirin Wata A Ƙirjin Riga: Mu Daina Yanke Hukunci Da Ka

Na gaji da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a waya. Mutum zai ɗauki hoton tambarin da ke ƙirjin wata rigar wasa, ya zagaye shi da jan layi, ya ɗora murya a kai yana rantse-rantse: wannan alamar matsafa ce, wannan ta 'yan Iluminati ce, wannan kuma ta Musulmi ce, a saya a samu lada. Kafin la'asar saƙon ya zaga zauruka ashirin, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaye shi inda ya samo.

Rigunan zari-ruga na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin wasan bai shahara a wajenmu ba, amma rigunansa suna shigowa cikin dilar gwanjo. Ka leƙa Ƙofar Wambai lokacin sanyi za ka gan su: masu kauri, masu farar kwala, da faffaɗan ratsi a kwance. Tambarin da ke jikinsu shaida ce kawai ta ƙungiya, kamar yadda kowace makaranta ke da bajonta.

Wanda aka fi ruɗewa a kansa shi ne na Saracens, mai jinjirin wata da tauraro a kan baƙi da ja. Wasu sun ce ƙungiyar Musulmin Ingila ce. Wasu sun ce izgili ake yi wa addini a ɓoye. Duka biyun shaci-faɗi ne. An kafa ƙungiyar a Landan a 1876, kuma tsofaffin ɗaliban wata makaranta ce a unguwar Marylebone suka kafa ta, samarin Turawa masu neman wurin motsa jiki. Saracen suna ne da Turawa suke kiran Musulmi da shi a zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Samarin sun ɗauke shi ne saboda labarin juriya da jarumtar dakarun Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓe Ƙudus a 1187. A kusa da su akwai wata ƙungiya mai suna Crusaders, wato 'yan Salibiyya, kuma bayan shekara biyu sai ƙungiyoyin suka haɗe suka zama ɗaya. To, in da yaƙin addini suka fito yi, ta yaya abokan gaba za su haɗa riga a 1878?

Har yau ƙungiyar ba ta wani addini ba ce. Ta ci kofin zakarun Turai a 2016 da 2017 da 2019, kuma fitaccen ɗan wasanta Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Magoya bayanta kan sa jar dara su tafi kallo, abin ado da raha ne a wajensu.

Shi kansa jinjirin wata da tauraro, da muke ɗauka duk inda ya bayyana namu ne, Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta yaɗa shi har ya zama abin da ake gane ƙasashen Musulmi da shi. Mutane sun yi amfani da shi tun kafin daular. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Portsmouth ma tana ɗauke da shi, ta aro shi daga hatimin garin, wanda ake danganta shi da zamanin Sarki Richard na Ɗaya na Ingila. Wannan Richard ɗin shi ne wanda ya gwabza da Salahuddin. Kama da wane ba wane ba ne.

Kada a ce ina nufin duk tambari ba shi da illa. Akwai mai ɗauke da tarihi mai ciwo, amma irin wannan a fili yake, ba ya buƙatar mai duba. Ƙungiyar Crusaders ta birnin Christchurch a Niyu Zilan, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe da hoton jarumin Salibiyya riƙe da takobi, har mahaya dawakai kan zagaya fili kafin a fara wasa. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ɗan bindiga ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin. Jama'a suka yi magana a jaridu da gidajen rediyo, kuma kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta cire jarumin da takobinsa, ta sa sabon zane mai tushe a al'adar Mawori, 'yan asalin ƙasar. Sunan dai ba ta sauya ba, kuma da yawa ba su ji daɗin haka ba. Hujja da tarihi ne suka kawo gyaran, ba saƙon murya ba.

Sauran galibi labarin gida ne. Farin furen da ke rigar Toulon ta Faransa tunawa ce da mawaƙi Félix Mayol, wanda ya ba da kuɗin gina filin wasansu. Barewar da ke rigar Afirka ta Kudu ta samo asali tun 1906, baƙar fata suka tsane ta a zamanin wariya, har Mandela ya sa rigar a wasan ƙarshe na kofin duniya a 1995.

Saboda haka ga shawara. Kafin ka sayi riga, karanta sunan da ke ƙarƙashin tambarin da shekarar da aka rubuta. Rubuta sunan a intanet, ka shiga shafin ƙungiyar, domin kusan kowacce tana da sashen tarihinta. In Turanci ya yi maka nauyi, ba wa ƙanenka ɗan makaranta ya karanta maka, matambayi ba ya ɓata. In ka gano ma'anar kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar rigar, kasuwa cike take da wasu. In batun salla da ita ne, ko hoton dabba ko gicciye, kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka je masa da bayanin da ka tabbatar, ba da ji-ta-ji-ta ba. Iyaye, ku duba abin da yara ke sawa, amma ku tambaya kafin ku kai hannu ga ashana. 'Yan gwanjo, kada ku ƙirƙiro wa riga falala don ta shiga.

Kai kuma mai tura saƙo, ka ji tsoron Allah. Kiran ɗan'uwanka matsafi saboda rigar da ya tsinta a dila ƙazafi ne, kuma addinin da kake cewa kana karewa shi ya hore ka da tantance labari kafin ka yaɗa. In ba ka bincika ba, ka riƙe yatsanka.