Mata Masu Riƙon Amanar Tarihi

Masana tarihin ƙasarmu, Allah Ya saka musu da alheri, sun cika littattafai da sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu da yaƙe-yaƙen da suka ci ko aka ci su, har ɗan makaranta a Potiskum yana iya gaya maka cewa a 1924 ne fadar Fika ta dawo wannan gari, ko kuwa a Gujba aka kashe Fadalallah ɗan Rabe a 1901. Amma idan ka tambayi yaron nan inda ya fara jin ko su wane ne kakanninsa, da inda suka taso, da waɗanda suka cuce su da waɗanda suka ba su masauki, to, kakarsa zai ambata maka. Abin da tsohuwa ta faɗa wa jika da dare, bayan an ci tuwo an shimfiɗa tabarma, yakan riga karatun malami shiga zuciya, kuma yakan daɗe a can bayan an manta da karatun. Idan kuwa mata suka haɗa kai suka kafa jam'iyya musamman domin kiyaye wannan gado, sai ƙarfin nan ya ninka, har ya kai ga sauya abin da al'umma gaba ɗaya take ɗauka shi ne gaskiyar tarihinta. Akwai misalai biyu da suka cancanci a yi musu nazari, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a kudancin ƙasar Amurka.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansu, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, kuma kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta. Ta yi wallafa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta kuma rayu a zamanin da daular ta kafu amma ilmi bai kai ga matan karkara ba, musamman waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu ya zube su a ƙauyukan da ba su san kowa ba. Da ta lura cewa matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki domin neman karatu, sai ta yi dabarar da har yau ake mamakin hikimarta: ta zaɓi dattijuwar mace mai hankali da amana daga kowane ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Ita malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, shugabar masu bori, saboda haka duk macen da ta ga jaji ta taho da ita a ka, ta san cewa girma ya koma hannun masu karatu. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su kamo hanya a ƙasa, ɗauke da ɗan abin da ya sawwaƙa na hatsi da zuma da man shanu, wanda akan rabar wa mabukata in sun iso. Su zauna gaban Malama su hardace waƙoƙi a kan tauhidi da tsarki da salla da sunayen surorin Alƙur'ani da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan su koma gida su biya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Aikinsu bai tsaya ga ibada kaɗai ba. Su ne masu jinyar marar lafiya, da wankan gawar mace, da sharar masallaci, da sasanta kishiyoyi. Kuma ta bakinsu ne labarin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto, da faɗuwar Alkalawa a 1808, ya shiga ɗakunan da littafin Larabci ba zai taɓa shiga ba, domin Waƙar Gewaye ta Nana tarihi ce da aka tsara yadda mai daka ko mai kaɗi za ta iya rerawa tana aikinta. Wani abin da ya fi burge ni a cikin rubuce-rubucen Nana shi ne, bayan marsiyyar da ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta kuma yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u, macen da ba ta da sarauta ba ta da dukiya, wadda in ba don wannan marsiyya ba da ba wanda zai san ta taɓa rayuwa. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar, a bakin Gongola, ba nisa da ƙasar Fika. Mulki ya fita daga hannun maza, amma hanyar da mata ke bi zuwa Hubbare ba ta mutu ba, har Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihin Nana a 1989, ta tarar da jajoji da ransu suna kan aikin.

Shekara guda bayan rasuwar Nana Asma'u, wata daula ta faɗi a can ƙetaren teku. Jihohi 11 na kudancin ƙasar Amurka sun ɓalle suka kafa tasu tarayyar, aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka halaka, Janar Robert Lee na Kudu ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865. Musabbabin ɓallewar ba ɓoyayye ba ne, domin wasu daga cikin jihohin da kansu sun rubuta shi a takardunsu na ficewa, kuma mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya bayyana a bainar jama'a a watan Maris 1861 cewa bautar da baƙar fata ita ce harsashin sabuwar gwamnatinsu. A lokacin kuwa bayi kusan miliyan 4 ne a ƙasar. Da yaƙi ya ƙare, matan da suka rasa mazaje da 'ya'ya suka fara haɗuwa gari-gari domin tono gawarwakin sojojinsu daga filayen daga su yi musu sutura ta mutunci, abin da babu mai imanin da zai zarge su a kansa. Daga wannan tushe ne, ranar 10 ga Satumba 1894, a birnin Nashville na jihar Tennessee, Caroline Goodlett da Anna Raines suka kafa ƙungiyar da ake kira United Daughters of the Confederacy, wato haɗaɗɗiyar jam'iyyar 'ya'ya mata na Tarayyar Kudu, wadda kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya membobinta suka kai kimanin 100,000.

Idan mutum ya dubi abin da reshen ƙungiyar yake yi a ƙaramin gari, da wuya ya ga abin ƙi. Mace ba ta shiga sai ta kawo hujjar nasaba cewa kakanta ya yi wa Kudu yaƙi ko hidima. Sukan taru wata-wata, a karanta tarihin wani jarumi, a tara kuɗi. Su share maƙabarta, su kafa alamar ƙarfe a kabarin tsohon soja, su kai furanni ranar tunawa da matattunsu. Sun ba tsofaffin sojoji lambar girma, sun taimaki gwauraye da marayu, sun biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, har sun ɗauki nauyin gadaje a wani asibitin sojoji a Faransa lokacin yaƙin duniya. Sai dai a ƙarƙashin wannan hidima akwai manufa guda da suka riƙe da haƙori, ita ce a wanke kakanninsu daga laifin bauta, a koya wa yara cewa Kudu ta yi yaƙi ne domin 'yancin jihohi kawai, kuma bayi sun zauna cikin jin daɗi da ƙaunar iyayengijinsu. Sun kafa reshen yara, suka tsara musu littafin tambaya da amsa, a tambayi yaro dalilin yaƙi ya amsa da abin da aka hardatar da shi kalma da kalma, tamkar yadda ake biya wa yaro farillan alwala. Mildred Rutherford, wadda ta riƙe muƙamin mai kula da tarihi ta ƙungiyar daga 1911 zuwa 1916, ta fitar da wani ɗan littafi na ma'aunin tantance littattafan makaranta, inda ta nemi hukumomi su ƙi duk littafin da ya ce bauta ce ta haddasa yaƙin. Sun kafa ɗaruruwan gumakan sojoji a harabar kotuna da dandalin garuruwa, a daidai zamanin da ake ƙwace wa baƙar fata haƙƙin jefa ƙuri'a, ta yadda jikan bawa in ya zo neman shari'a sai ya wuce ta ƙarƙashin gunkin wanda ya yi yaƙi domin kakansa ya dawwama a cikin bauta. A 1923 har majalisar dattawan ƙasar ta amince da buƙatarsu ta kafa gunkin kuyanga mai reno a Washinton, sai da matan baƙar fata irin su Mary Church Terrell suka tashi tsaye, sa'an nan maganar ta mutu a majalisar wakilai.

Mu mutanen tsohuwar ƙasar Barno muna da rabo a cikin wannan labari, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin jarumawan Shehu Laminu. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, har ƙaddara ta kai shi Amurka, inda a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, wadda sojojinta baƙar fata ne, a ɓangaren da ya yaƙi masu bauta. Ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1873. Irin wannan mutum ba shi da gurbi a littattafan da matan ƙungiyar Kudu suka yarda a karanta. An daɗe kafin gyara ya zo: bayan kisan masu ibada 9 baƙar fata a wani coci a Charleston a 2015, da zanga-zangar 2020, aka sauke da yawa daga cikin gumakan, har da wanda ƙungiyar ta kafa a 1914 a maƙabartar Arlington, wanda aka cire a Disamba 2023. Gunki ana sauke shi a yini guda, amma abin da aka shayar da yara shekara da shekaru yana nan a zukatan mutane da yawa.

To, sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daular Sakkwato da ta Barno duka sun mallaki bayi masu ɗimbin yawa, rinji da kasuwar bayi ba baƙin abu ba ne a ƙasar nan, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa. Ƙananan ƙabilu na wannan yanki namu, waɗanda suka zauna tsakanin manyan dauloli biyu, sun ɗanɗana ɗacin harin mahaya. Wadda ta fi kowa bayyana mana yadda abin yake a cikin gida ita ma mace ce, Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta faɗi yadda ake sace mutane a gona, da yadda dangi ke tara kuɗin fansa, ba ta ɓoye cewa gidansu ma yana da bayi ba. Malaman hadisi sun shar'anta wa mai riwaya adalci da kiyayewa, ba su taɓa yarda a karɓi labari don kawai yana faranta wa dangi rai ba. Kuma a ganina wannan sharaɗi ya hau kan duk wata ƙungiyar da ta ɗauki alkawarin kiyaye tarihi, ta maza ko ta mata. Fifikon 'Yan Taru a wurina shi ne ƙofarsu ba ta nasaba ba ce: 'yar malam da 'yar manomi da wadda aka kamo a yaƙi duk tabarma ɗaya suke hawa.

Potiskum gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari, gari mai fada biyu, ta Fika da ta Pataskum, inda kowane gida yake da nasa zaren labarin, kuma inda karkatacciyar riwaya za ta iya hura wutar gaba tsakanin maƙwabta. Harsunan nan kuwa Hausa tana shanye su a bakin yara. Aikin da Farfesa Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta ya fitar da ƙamus na Bolanci da Ngizimanci da Karekare da Ngamo a nan garin a 2004, amma ƙamus kalmomi yake tsarewa, waƙar niƙa da ta biki da labarin ƙaura da yunwa suna bakin tsofaffin mata, kuma kullum ana kai su makwanci. Ga kuma tarihin jiya-jiya wanda bai gama hucewa ba: harin kasuwar shanu na Mayu 2012, da kisan ɗalibai a makarantar Mamudo a Yuli 2013, da bam ɗin da ya tashi a taron safe na makarantar kimiyya ta maza ranar 10 ga Nuwamba 2014, inda a kowanne daga cikin makarantun biyu rayuka fiye da 40 suka salwanta. Jaridu sun riƙe adadi, iyaye mata ne suka riƙe sunaye.

Muna da ƙungiyoyin da za su iya ɗaukar wannan nauyi, tun daga Jam'iyyar Matan Arewa da aka kafa a 1963, zuwa FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, zuwa makarantun Islamiyya na matan aure da ke kusan kowace unguwa, ga kuma malamai mata da ɗalibai na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin nan. Kirana gare ku, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu mata, shi ne kowace unguwa ta fitar da mace biyu ko uku masu amana, su riƙa zama gaban tsofaffi da wayar hannu da littafin rubutu, su naɗi maganarsu da harshen da suka faɗe ta, su rubuta sunan mai magana da garinta da ranar da aka ji daga gare ta. Kuma in labarin ya zo kan abin da kakanninmu suka yi wa wasu, a rubuta shi yadda aka faɗa, kada a tsallake.